Jawabin Maraba Ga Farfesa Da Tawagarsa Daga Hausawan Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Farfesa, barka da sauka, barka da Umara, Allah ya karɓi ibada. A madadin dattawa, iyayenmu mata da samarin Hausawa mazauna Jidda, ina yi maka lale marhabin, kai da likitocin da suka rufa maka baya.

Muna bin aikinku daga nesa. Binciken da aka gudanar a Najeriya a 2018 shi ya farkar da mu: mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Mun san yadda cibiyoyin sa ido kan shaye-shaye, wato NENDU ta Najeriya da WENDU ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin ECOWAS, suke tattara bayanan masu neman magani a asibitoci. Da irin wannan haɗin gwiwa, abin da likitan asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ya gani ba zai tsaya a Sakkwato ba, zai isa ga na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano kafin sabuwar ƙwaya ta game gari.

Sai dai, ranka ya daɗe, 'ya'yanmu ba sa cikin lissafin nan. A gida ana fama da tiramol da kodin, mu nan kaftagon ne da shabu, ƙwayoyi masu hana barci. Hukumar Saudiyya ta buɗe asibitocin Irada na masu shaye-shaye, waɗanda muka sani da Al-Amal, kuma suna ƙoƙari. Amma wanda ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ƙafarsa ba ta taka can, don tsoron tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Wanda ke da ita kuma kunya ke riƙe shi.

Akwai wata baiwar Allah da ta kulle ɗanta a ɗaki wata biyu, tana tura masa abinci ta taga, maƙwabta na zaton ya tafi Madina aiki. Ta yi ruƙiyya, ta yi rubutu, daga bisani ta sayar da awarwaronta ta tura shi gidan mari a Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba. Da mun san inda za mu nuna mata, wallahi da ba a kai ga haka ba. Har yau in ta gaishe ni nauyin nan nake ji.

Roƙonmu shi ne ku sa mu cikin bincikenku, ku haɗa kai da takwarorinku na nan. A yi tambayoyin da Hausa da Larabci, domin yaranmu gauraya su suke yi, kuma a ɓoye sunan kowa. Iyaye mata ma a koya musu alamun farko: rashin barci kwana da kwanaki, ƙin abinci, saurin fushi, ramar da ba ciwo. Tun rusau ɗin tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Gulail mun warwatsu, amma mun san gidan kowa, mu za mu shige muku gaba.

Allah ya maida ku gida lafiya. Ga gahawa da dabino, ranka ya daɗe, bisimillah.