Waƙar Beatles ta ƙarshe: kwamfuta ce ta rera, ko John Lennon?

[Hoto: tsohon kaset yana juyawa a cikin rikoda]

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Tun da muka saki bidiyon nan na muryoyin bogi, saƙo ɗaya ke ta shigo mana: "Malam, ai har Turawa sun ba waƙar da kwamfuta ta rera kyautar Grammy. Mutum ya shekara 43 a kabari, an tashe shi ya yi waƙa."

Waƙar da ake nufi ita ce Now and Then ta ƙungiyar Beatles, wadda ta fito ranar 2 ga Nuwamba, 2023. Maganar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, gaskiya ce, an ba ta a Fabrairun 2025. Sauran zancen ne ke buƙatar gyara.

[Hoto: samari huɗu cikin kwat, gashi ya rufe goshi, 'yan mata na ihu]

Ga wanda bai san su ba, bari mu yi a gurguje. Samari huɗu ne daga Liverpool, e, Liverpool ɗin da kuke kallo a gidan ƙwallo: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison, da mai gangarsu Ringo Starr. Wannan ihun da kuke ji ba gobara ba ce, fitowa kawai suka yi daga jirgi. Faifansu na farko, Love Me Do, ya fito a 1962, a 1970 kuma kowa ya kama gabansa. Shekara takwas ke nan kacal, amma har gobe ana cin kasuwar waƙoƙinsu. Ranar 8 ga Disamba, 1980, wani mutum ya harbe John a ƙofar gidan da yake zaune a New York. Shekararsa 40.

[Hoto: benen Dakota, New York]

A cikin wannan gidan ne, a ƙarshen shekarun 1970, John ya zauna gaban fiyano, ya danna rikoda, ya rera wasu waƙoƙi da bai gama tsarawa ba. Irin dai yadda mawaƙi zai naɗi abin da ya zo masa a waya don kada ya manta. Babu situdiyo, babu mai tace sauti. Shi ne, da fiyano, da kaset.

To, a nan nake so ku gyara zama, don duk ruɗanin daga nan ya samo asali.

[Hoto: allon tace sauti na situdiyo, hannu yana ɗaga maɓallai]

A situdiyo, kowane abu da layinsa. Murya daban, ganga daban, jita daban. Kamar mai fura ce kafin ta dama: ga fura a ƙwarya, ga nono a gefe, ga sukari. In nono ya yi kaɗan ta ƙara, in sukari zai yi yawa ta rage. Kaset ɗin John kuwa damammiyar fura ce. Muryarsa da fiyano sun shiga layi ɗaya, sun cakuɗe. In ka ɗaga muryar, fiyano ya taso tare da ita. In ka danne fiyano, muryar ta nutse. Ga kuma wani ƙugi na wutar lantarki da ya bi kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe.

A 1994, matar marigayin, Yoko Ono, ta miƙa wa Paul kaset-kaset ɗin. Su ukun da suka rage suka shiga situdiyo tare da mai tsara kiɗa Jeff Lynne, suka ɗora kiɗa a kan biyu daga ciki: Free as a Bird, wadda ta fito a 1995, da Real Love a 1996. In kun saurari ta farkon yadda ta fito a lokacin, za ku ji muryar John kamar daga cikin rijiya yake magana. Dalilin ke nan: ba a iya raba ta da fiyano ba, sai aka yi gini a kansu duka biyun.

Now and Then ita ce ta uku, kuma ita ce ta gagara. Sun taɓa ta a 1995, George ya ce sam, wannan kaset ɗin bai yi ba. Aka mayar da ita akwati. George ya rasu a 2001, kowa ya ɗauka an rufe babin.

Me ya sa kayan aikin wancan zamanin suka kasa? Saboda rariya ce kawai a hannunsu. Rariya tana raba gari da tsaki ne don girmansu ba ɗaya ba. Haka na'urorin suke: su cire sauti mai kauri, ko su cire siriri. To muryar mutum da fiyano, a mafi yawan lokaci, a tsakiya suke haɗuwa. Ƙwayarsu ɗaya. Duk rariyar da ta riƙe ɗaya sai ta riƙe ɗayan.

[Hoto: Beatles a situdiyo, Janairun 1969, ana shan shayi ana gardama]

Mafitar ta ɓullo ne ta inda ba a zata ba. Peter Jackson, mai shirya fim ɗan ƙasar New Zealand, ya karɓi aikin haɗa shirin Get Back, wanda ya fito a 2021, daga tsofaffin hotunan da aka ɗauka a Janairun 1969. Sai ya tarar da matsala. Mutanen nan sun san ana naɗar maganarsu, don haka in za su yi gulma, sai su kama kaɗa jita da ƙarfi don a kasa ji. Wayo ke nan, kuma ya yi musu aiki har shekara 50. Ma'aikatan Jackson suka ƙera manhaja da za ta janye jitar ta bar hirar. Suka sa mata suna MAL, don tunawa da Mal Evans, mutumin da ya daɗe yana yi wa ƙungiyar hidima a tafiye-tafiyenta.

Yanzu ku lura. Abubuwa biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya, ƙirƙirarriyar basira. Akwai mai kwaikwayo: a ba ta muryar mutum ta saurara, sannan a rubuta mata abin da bai taɓa faɗa ba, ta faɗa da muryarsa. Ita ce ta bidiyonmu na baya, ita ce 'yan damfara ke so. Akwai kuma mai tsincewa, wadda ba ta da bakin magana, kunne kawai gare ta.

[Hoto: gidan biki, taron mata, makaɗa]

Ku ɗauki uwa a gidan biki. Kalangu na tashi, ana rangaɗa guɗa, kowa na surutu. Can a ɗaki jaririnta ya yi kuka, sai ka ga ta miƙe. A cikin wannan hayaniyar duka, ta tsamo kukan ɗanta, don ta san shi. Ba ita ta ƙirƙiri kukan ba.

Haka ake koya wa irin wannan manhajar. A samo murya tsantsa, a samo kiɗa tsantsa, a cakuɗa su da gangan, a ce mata raba. Ta raba, a gwada da na asali, a nuna mata inda ta kauce. A sake. Sau dubbai. Har ta kai ta gane yadda muryar ɗan Adam take tafiya, da yadda fiyano yake bugawa ya dusashe. Rariya girma take dubawa, ita wannan kamanni take ganewa.

Sai aka ba ta kaset ɗin John. Ta ajiye fiyano gefe, ta miƙo murya.

Amma fa kada in yi muku daɗin baki. A inda fiyano ya hau kan muryar sosai, dole manhajar ta yi ƙiyasi: wannan ɓangaren na wane ne? Ƙiyasi kuwa yana iya kuskure. Sai dai kalmomin da suka fito daga bakin John, da karin sautinsu, da inda ya ja numfashi, duk abin da ya yi ne a ɗakinsa a wancan lokacin.

To wa ya jawo ruɗanin? Paul ne da bakinsa. A Yunin 2023 ya faɗa a gidan rediyon BBC cewa an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen fito da muryar John. Wata biyu kafin nan, wata waƙar bogi da aka kwaikwayi muryar mawaƙa Drake da The Weeknd ta karaɗe intanet, hankalin kowa a tashe yake. Jaridu suka ɗauka, kowa ya ƙara nasa gishirin. Sai da dattijon ya dawo ya yi bayani cewa babu abin da aka ƙirƙira, tsabtace abin da ke akwai aka yi. Amma kun san magana zarar bunu ce.

[Hoto: Paul da jitar bas, Ringo a kan ganguna, dukansu sun haura 80]

Sauran aikin na hannu ne, ga shi kuna gani. Ringo ya buga ganga. Paul ya kaɗa bas da fiyano, ya yi amshi. Jitar da George ya kaɗa a 1995 tana nan, aka saka ta. Masu goge irin na Turawa suka yi nasu a situdiyon Capitol da ke Los Angeles, ba tare da an gaya musu ta Beatles ce ba, don kada zance ya fita. Giles Martin, wanda mahaifinsa George Martin ne ya tsara musu kusan duk faya-fayansu, shi ya haɗa aikin tare da Paul. A bayan faifan aka sa Love Me Do, ta farko da ta ƙarshe a wuri guda. Now and Then ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya, rabonsu da hakan tun 1969, shekara 54.

Ni in za a tuhumi wani a wannan aikin, ba kwamfuta zan tuhuma ba. Paul ya yanke wani sashe na waƙar da John ya rera a kaset, ya ƙara nasa, kuma mai waƙar ba ya nan balle a tambaye shi. Mutum ne ya yi wannan, da almakashi. George ma da ya ce bai so, ga jitarsa a ciki, ko da yake iyalansa sun amince.

[Hoto: bidiyon waƙar, John da George suna samari, tsaye kusa da Paul da Ringo tsofaffi]

Wannan bidiyon kuma, Allah ya huci zuciyar masoya, ni bai kwanta mini ba. An yanko John daga tsohon hoto yana ta tsalle-tsalle a gefen abokansa da suka tsufa. Ina jin shi ma ya ƙara sa mutane suka ce komai na ciki haɗi ne. Waƙar kanta ba laifi, tana da sanyi, amma wanda ke son sanin abin da ya sa ake zuzuta mutanen nan, ya nemi Revolver na 1966 ko Abbey Road na 1969.

Abin da ya tsaya mini a rai kuma shi ne kaset-kaset ɗin tsofaffin makaɗanmu da ke jibge a shaguna da gidajen rediyo, waɗanda aka naɗa da makirufo ɗaya, ganga ta danne baiti har sai ka kasa kunne sau uku. Ciwon ɗaya ne da na kaset ɗin John.

[Hoto: allo ya rabu biyu, hagu kaset, dama layin murya ita kaɗai]

Yanzu ku sa abin ji a kunne. Na hagu shi ne kaset ɗin yadda yake, na dama bayan an tsame muryar. Daƙiƙa biyar-biyar kawai zan sa, don masu haƙƙin mallakar Beatles ba sa barci, kada mu wayi gari YouTube ya sauke mana bidiyo. Ga na farko.