Kwalekwalen Dufuna da yadda aka gano shekarunsa

Hadiza: Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Yobe muka nufa, ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune. Malam Sani, me aka samu a can?

Malam Sani: A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da ice a zurfin kusan mita 5. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa mita 8 da 'yan kai, faɗinsa rabin mita, an fafe shi daga gungumen maɗaci guda. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. A Afirka ba a samu jirgin ruwan da ya girme shi ba.

Hadiza: To, Malama Rabi, ice dai ba ya magana. Ta yaya aka san shekarun?

Malama Rabi: Bishiya tana shaƙar wani sinadari da ke cikin iska, kabon-14, muddin tana raye. Da an sare ta, shikenan, sai ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya duk shekara 5,730. Sai a yanki ɗan guntu, a wanke shi da asid, sannan da alkali, wato sinadarin da ke kishiyar asid, a sake maimaita asid, don fitar da dattin ƙasa. Kabon-14 da ya rage a cikin guntun shi ake aunawa.

Hadiza: Ina ake samun kuskure?

Malama Rabi: Saiwar tsiro ta ratsa icen, ko a naɗe guntun cikin takarda ko auduga, sabon kabon ya shiga, shekarun su ragu. Haka zuciyar bishiya ta girmi bayanta, wani lokaci da shekaru ɗari ko fiye, don haka daga gefen waje ake son ɗauka. Kuma lambar da na'ura ta bayar ba a karɓarta haka nan, sai an daidaita ta da lissafin zoben bishiyoyi, wato da'irorin da ke cikin gungume masu nuna shekarun bishiya.

Malam Sani: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, an daɗe ana auna wayewar al'umma da ginin dutse da rubutu. Wanda ya yi aiki da ice da laka, gara da damina sun cinye shaidarsa, sai a ce bai yi komai ba. Ki dubi kwalekwalen Pesse na ƙasar Holan, ya girmi namu, amma tsawonsa mita 3 ne kawai. Na Dufuna goshinsa da gindinsa a fiƙe suke, kaurin jikinsa kamar santimita 5. Wannan ba hannun ɗan koyo ba ne, sana'a ce da aka gada, a zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa.

Hadiza: Me ya hana shi ruɓewa?

Malama Rabi: Jiƙaƙƙiyar laka ce ta toshe masa iska. Haɗarin yana farawa ne ranar da aka fito da shi, domin in ruwan jikinsa ya bushe da sauri, icen zai motse ya tsattsage. Shi ya sa ake shayar da irin wannan ice wani sinadari mai kama da kakin zuma, PEG, ya maye gurbin ruwan sannu a hankali. Vasa, wani tsohon jirgin ruwan katako na Suwidin da aka ciro daga teku, shekara 17 ana fesa masa shi. Namu yanzu yana Damaturu.

Malam Sani: Duk wanda ya ci karo da irin wannan a gona ko rijiya, don Allah kada ya ciro shi, kada ya shanya. Ya rufe da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya sanar da mai unguwa da hukumar gidajen tarihi.