Daga Lalle Zuwa Maganin Maleriya: Lacca Kan Sinadaran Kwinon

An gabatar da ita ga ɗaliban kimiyyar sinadarai a Birnin Kebbi, aka kwafo ta daga faifai.

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da yamma. Na ga 'yan mata na baya can hannuwansu sun sha lalle. To, yau da ku zan fara.

Jan da lalle ke bari a fata, sinadarin loson ne, ɗan gidan kwinon. Mene ne kwinon? Zobe ne na kabon shida, da oksijin biyu maƙale a jikinsa. Halinsa ɗaya: yana karɓar elektron, ya miƙa wa iskar oksijin, sai a samu sinadarai masu ƙuna da ke lalata DNA da bangon ƙwayar halitta. Amfaninsa da cutarwarsa duk daga nan suke fitowa.

Yanzu ku dubi allo. Ga loson, zobe biyu, da OH, wato oksijin haɗe da haidirojin, a matsayi na 2, wato kabon na 2. Idan aka liƙa masa wani dogon reshe mai son maiƙo, mai ɗauke da kulorin, a matsayi na 3, an samu atobakwon, wanda ake haɗawa da furogwanil a maganin maleriya mai suna Malarone. Reshen nan ya sa ya yi kama da ubikwinon, abin da ƙwayar maleriya ke numfashi da shi, sai ya zauna a gurbinsa ya toshe hanyar. Shi ya sa ma likita ke cewa a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, in ba haka ba hanji ba zai tsotse shi sosai ba. Kada wani ya fita nan ya ce na ce a dama lalle a sha, don Allah!

Misali na biyu ya fi burge ni. Ƙwayar bakteriya mai suna Streptomyces peucetius da aka samo a ƙasar Italiya ta ba da daunorubisin, sannan a 1969 aka samu doksorubisin. Bambancinsu OH guda ne a kabon na 14, shi ke nan. Amma na farko galibi sankarar jini ake yaƙa da shi, na biyu kuwa har sankarar mama da wasu da dama. Sunansu antibayotik, sai dai gubarsu ta yi yawa a ba mai ciwon gyambo. Su ma suna da zoben kwinon ɗin nan, kuma yana cikin dalilan da suke illata zuciya, don haka likitoci ke lissafa jimlar abin da mara lafiya ya sha a rayuwarsa, ba sa son doksorubisin ya wuce miligiram 450 zuwa 550 kan kowace murabba'in mita ta jiki.

Wata baiwar Allah ta turo tambaya kan shafa wa jarirai lalle. Hajiya, a bari. Jaririn da ke da ƙarancin G6PD, wato sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma akwai su da yawa a Najeriya, loson na iya fasa masa jajayen ƙwayoyin jini, ido ya yi rawaya. Sauran tambayoyi sai mun idar da la'asar.