Akwatin da na ƙera a ɗakin haya don in daina damun maƙwabta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kafin komai, ku yi shiru na sakan biyar ku saurara tare da ni.

Kun ji wani abu? Ni ma ban ji ba, kuma wannan shirun wata huɗu na yi ina nemansa. Yanzu ƙarfe goma da rabi na dare a nan Kolon ta ƙasar Jamus, ina zaune cikin wani akwati da na ƙera a kusurwar ɗakin da muke ajiye tarkace. Bari in buɗe ƙofar ku ji. Ga ƙugin firji daga kicin, ga jirgin cikin gari yana wucewa a titi, ga talabijin ɗin wani can sama. To, na rufe.

Waɗanda suka daɗe tare da ni a tashar nan sun san sana'ar: ina karanta littattafan Hausa da izinin marubutansu, domin masu saurare suna girki ko suna tuƙi. Da rana ina wurin aiki, ba ni da lokaci sai dare. Dare kuwa a ƙasar nan yana da doka. Daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe lokacin hutu ne, suna kiransa Nachtruhe, ranar Lahadi kuma gaba ɗayanta ba a son hayaniya. Lokacin da nake Kano damuwata ita ce ƙarar da ke shigowa: janaretan maƙwabci, hon ɗin Adaidaita Sahu, zakaran da bai san agogo ba. Ba wanda ya taɓa cewa muryata ta dame shi. Da na zo nan sai abin ya juye, ni ne na zama janaretan unguwa.

Wata safiya na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Dattijuwar da bangonmu yake ɗaya ce ta rubuto, cikin ladabi sosai, wai kullum da dare tana jin ana rigima a gidanmu, ko lafiya? Ashe babin da kishiyoyi suka kaure da faɗa nake karantawa, ni ne uwargida, ni ne amarya, ni ne mijin da ke raba su. Uwargidana ta yi dariya har da hawaye, amma ni kunya ta kama ni.

Abu na farko da na yi shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi. Na shiga intanet na sayo baƙin soson nan mai ƙuraje kamar kiret ɗin ƙwai, na lilliƙa a bango, na tsaya ina kallo kamar na buɗe gidan rediyo. Bayan kwana uku takarda ta biyu ta iso.

Akwai wani dattijo Badamagare da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, kafinta ne tun a gida, a nan kuma aikin gini yake yi. Na roƙe shi ya zo ya gani. Ya tsaya ya danna soson da yatsa, ya dube ni ya ce, "Kai Bakano, ka ga araha ka afka ko? Soso ko ruwa ba ya tarewa, balle magana." Na ce, "To Baba, me ke tarewa?" Ya ce, "Nauyi. Sannan duk inda iska ta bi, magana za ta bi."

Maganarsa ta tuna mini da ɗakin kakata a cikin Birni. Ginin ƙasa ne na tubali, kaurin bangon ya kai kamu guda, sama azara ce da ƙasa. Ko ana biki a ƙofar gida, da ka shiga ka ja ƙyaure sai kiɗan ya koma kamar daga wata unguwa. Ɗakin samarin gidan kuwa rufin kwano ne, in ana ruwa ko wanda ke kusa da kai ba ka ji. Ashe tun ina yaro an nuna mini amsar.

A nan ne nake so ku natsu, domin aiki biyu ne mutane ke haɗawa su mai da shi ɗaya. Hana sauti shiga da fita daban, kashe amsa-kuwwa a cikin ɗaki daban. Soso da bargo da labule aikin na biyun suke yi. Na farkon kuwa sai abu mai nauyi wanda ba shi da kafa ko ta allura. A lissafi, in ka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da kamar desibel 6, kunnen mutum kuma sai an rage kusan desibel 10 yake jin kamar an raba ƙarar biyu. Kun ga ba ƙaramin nauyi ake nema ba. Dabarar da ke sauƙaƙa abin ita ce bango biyu da sarari a tsakani, a cika sararin da abu mai laushi. Bango biyu masu matsakaicin nauyi a rabe sun fi guda ɗaya mai nauyinsu duka aiki.

Sai matsalar haya. Gidan ba nawa ba ne, kuma mai gida yana riƙe da kuɗin ajiyata, wanda doka a nan ta yarda ya kai hayar wata uku. In na farfasa masa bango, daga ciki zai cire. Saboda haka muka yanke shawarar akwatin ya tsaya da ƙafarsa, kada ya taɓa bango ko silin ko ta ina, mun bar tazarar yatsu huɗu ta kowane gefe. Hakan ma ya fi, domin girgizar da ke bin jikin gini ba za ta sami gadar da za ta hau ba. Ƙasa kuma, ku duba nan, tabarmar robar nan ce da ake sa wa injin wanki don kada ya yi rawa, a kanta allon katako biyu, sannan darduma.

Firam ɗin katako ne, mun ɗaure shi da sukuru, ba ƙusa ko ɗaya, domin ranar tashi a kwance shi salin-alin. Daga waje mun sa allon jifsam rufi biyu, irin wanda kowa a nan ke kira Rigips, mai kaurin milimita 12.5. Mun karkata su yadda gaɓar na sama ba za ta hau kan gaɓar na ƙasa ba. A tsakiya audugar dutse, wato wani abu mai laushi kamar auduga da ake yi daga narkakken dutse, daga ciki allon katako. Allon jifsam ɗaya mai faɗin santimita 125 da tsawon mita 2 ya haura kilo 20. Guda goma sha huɗu muka hau da su hawa na uku, gidan kuma ba lif. Baba yana gaba yana waƙa, ni ina baya ina salati. Da muka haɗa lissafi, akwatin ya doshi kilo 400, shi ya sa sai da na sami mai gidan na nuna masa zanen kafin mu fara, muka kuma ajiye shi kusa da babban bangon da ke ɗauke da ginin, ba a tsakiyar ɗaki ba. In tsohon gida kake ciki mai ƙasan katako, don Allah kada ka tsallake wannan tambayar.

Aikin da ya kamata a gama a sati biyu sai da ya ci wata biyu. Lahadi ce ranar hutuna, Lahadi kuma ba a buga guduma, shagunan kayan gini ma a rufe suke. Asabar ɗin da ta rage, dokar gidanmu ta ce daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana a yi shiru. Sai mu yi sallah, mu ci abinci, mu zauna muna kallon agogo.

Audugar dutsen nan, ku ji ni da kyau: safar hannu, takunkumi, riga mai dogon hannu. Ranar farko na yi gardama na ɗauke ta da singileti. Kwana na yi ina susa kamar wanda aka watsa wa ƙaiƙayi.

Ƙofa ita ce ta fi ba mu wahala, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki a nan zai ci ko ya faɗi. Ƙofofin cikin gida na zamani yawancinsu holoƙo ne, kwali ne a ciki, in ka ƙwanƙwasa za ka ji. Na samo tsohuwar ƙofa ta katako zalla a Kleinanzeigen, wurin da ake sayar da kayan hannu, muka ƙara mata allo ɗaya, muka zagaye bakinta da robar da ke matsewa in an rufe. Daga nan Baba ya sa na shiga da tocila, ya kashe fitilar ɗaki, ya tsaya a waje yana zagayawa. Duk inda ya ga haske ya leƙo sai ya yi alama da fensir. Wuri bakwai ya samu, har da ramin da na huda wa wayar makirufo. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka toshe. Wallahi bambancin da toshe ramukan nan ya kawo ya fi na rufin jifsam na biyu a kunnena.

Na shiga da murna na ɗauki gwaji na farko. Da na saurara sai na ji kamar ina magana a cikin randa. Ƙarar waje ta tafi, amma muryar ta kumbura, tana wani gum-gum. An gudu ba a tsira ba. Dalilin shi ne ƙaramin ɗaki yana da sautin da yake riƙewa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda. In faɗin ɗaki mita 1.2 ne kamar nawa, sautin da ke girgiza kusan sau 143 a sakan shi zai riƙa kai-komo tsakanin bangon biyu yana ƙara ƙarfi, kuma daidai nan kaurin muryar namiji yake. Siririn soso ba ya iya kama irin wannan, tsinin murya kawai yake shanyewa ya bar maka ƙugin. Sai da muka sake jera audugar dutse mai kaurin santimita 10 a bango da sama, kusurwoyi kuma muka ninka.

Abin rufe ta fa? Dole yadin da iska ke ratsawa. Gwajin mai sauƙi ne, ka kara a baki ka hura. Na fara ɗauko wata tsohuwar shaddata, na hura har idona ya yi ja, ko motsi. Uwargida tana tsaye tana kallona ta ce, "Maigida, bar wahalar da kanka," ta buɗe akwati ta fito da tsofaffin zannuwan atamfa da suka sha wanki har suka yi laushi. Su ne waɗannan da kuke gani. A ƙarƙashinsu akwai wani siririn yadi da ke tare ƙurar audugar. Wani ya ce mini ɗakin ya yi kama da shagon tela a Kantin Kwari. Na yarda.

Saura abin da ya tsorata ni. Daren farko da na zauna karatu na gaske, ban yi minti ashirin ba na ji kaina ya yi nauyi, ina hamma, ina maimaita layi ɗaya sau uku. Mun toshe ko'ina, har da hanyar numfashina. Cikin akwatin bai kai kubik mita huɗu ba, mutum kuma a zaune yana fitar da wajen lita 20 na gurɓatacciyar iskar da ake kira CO2 a awa. Na sayi ɗan na'urar aunawa. Iskar waje tana nuna 420 da ɗoriya, wato kashi 420 na CO2 cikin miliyan. Tun 1858 wani likitan Munik, Max von Pettenkofer, ya ce in ta wuce 1000 a ɗaki iskar ta lalace, har yau kuma Jamusawa da ma'auninsa suke magana. Nawa akwatin cikin 'yan mintoci yake tsallake wannan lamba.

Maganin shi ne wannan dogon aljihun da ke saman rufin. Akwatin katako ne, a ciki an yi masa lungu-lungu kamar hanyar zaure zuwa tsakar gida, an lulluɓe lungunan da abu mai laushi. Iska tana iya bin kwana, sauti kuwa kowace kwana sai ya bar wani abu nasa. Guda biyu ne, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, da babbar fankar kwamfuta a can ƙarshe tana juyawa a hankali. Babba mai tafiya sannu ta fi ƙarama mai gudu shiru. Duk da haka kowane babi in na gama sai na buɗe ƙofa na sha iska.

Kada in yi muku ƙarya, akwai abin da bai tare ba. In yaron da ke sama ya diro daga kan kujera, ina ji a ƙirjina. In jirgi ya wuce, ƙugin can ƙasa-ƙasa yana biyo ginin ya shigo. Irin wannan sai ginin kankare da kuɗin da ba ni da su. Abin da nake yi shi ne in yanke duk abin da ke ƙasa da girgiza 80 a sakan a wurin tace sautin, sannan na ajiye makirufon nan mai tsananin ji na koma irin na hannu da ake wa'azi da shi, in matso da shi kusa da baki. Masu karɓar littattafan saurare a ƙasashen nan suna so shirun da ke bayan murya ya sauka ƙasa da desibel -60, wato 60 ƙasa da sifili, a ma'aunin kwamfuta. Da ina wajen -45, yanzu na wuce abin da suke nema in dai yaron sama ya yi barci.

In da a ce ba ni da maƙwabciyar da ke ji, da ban gina wannan ba. Wanda amsa-kuwwa ce kawai damuwarsa, ya buɗe wadrob ɗin kaya ya tsaya a gabanta, ya rataya bargo mai kauri a bayansa, ya isa. Amma tun da muka gama, takarda ba ta sake zuwa ba. Makon jiya na haɗu da dattijuwar a matakala, na taya ta ɗaukar jaka, ta ce ta ji daɗi da muka sasanta da matata. Ban tsaya dogon bayani ba, na ce mata na gode.

Matsala ɗaya sabuwa ta ɓullo: in ina ciki, ko uwargida ta yi ta kira ba na ji. Rannan sai da abinci ya huce, na kuma sha faɗa na gaske, ba na littafi ba. Shi ya sa muka ja waya daga kicin zuwa wannan ɗan jan ƙwan fitilar da ke saman kaina, in tana nemana sai ta danna. Yau ina so in ɗauki babi na goma sha huɗu kafin sha biyu, inda amarya za ta gano wanda ya...

Af, ga shi ya kama. Sau biyu ma. Jama'a, tuwo ya sauka, sai mun haɗu.