Albashi da Fam, Lissafi da Naira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, malam liman, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, da ku samarin da kuka maƙale can bakin ƙofa don ku riga kowa fita, barkanmu da war haka. Waɗanda suka sauka daga aikin dare suka zarce nan ko runtsawa ba su yi ba, Allah Ya bar zumunci.

Da ma'aji ya kira ni ya ce ni zan yi magana a kan tattalin kuɗi, sai da na yi dariya. Na ce, ranka ya daɗe, ka manta irin ɓarnar da na tafka ne? Ya ce ai saboda ita aka zaɓe ni. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarata ta farko a Landan, duk ranar da albashi ya shigo, abin da nake fara yi shi ne in duba nawa ya kama a naira. Sai in ga lambobi sun jeru, in ji ni ma wani alhajin birni ne. Wanda duk ya kira daga gida ran nan, ya taki sa'a. Kafin sha biyar ga wata, alhaji ya koma lissafin ko kuɗin jirgin ƙasa zai kai shi Juma'a. Ga shi mai gidan da nake haya bai taɓa karɓar naira a hannuna ba, haka masu wuta da gas.

Abin ya ƙara ƙamari tun watan Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Fam ɗin da bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati, a 2024 ya haura 2,000. Mutanen gida su ma suna da waya, suna wannan lissafin. Kuma kada mu zalunce su, buƙatarsu gaskiya ce: an cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota da kwanon masara suka yi tashin gwauron zabi. Sai dai kallon kitse suke wa rogo. Ba su san cewa a nan ma tsadar kaya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a Oktoban 2022 ba, abin da aka shekara arba'in ba a gani ba. Wa zai gaya musu? Mu da muke tura hotonmu cikin rigar sanyi a gaban manyan gine-gine, amma ba mu taɓa tura hoton takardar kuɗin haya ba?

Abin da ya cece ni ɗabi'a ɗaya ce, kuma matata ce ta koya mini, gara in faɗa tunda ga ta can tana kallona. Ranar albashi, kafin in amsa kiran kowa, kuɗin ya riga ya rabu. Haya da takardun wata suna da asusunsu. Ajiya tana da nata, kuma banki ne ke kwashewa da kansa washegarin albashi, don in an bar wa hannuna ba za ta fita ba. Sai cefane. Sai kuma abin da muke kira kason gida.

Bari in ɗan tsaya a kan kason gidan nan, don a nan yawancinmu muke zubewa. Iyaye su ne farko, nasu wajibi ne, ba ya jiran roƙo. Abin da ya saura shi ne na ƙanne da 'yan'uwa da abokan makaranta da suka tuna da kai bayan shekara ashirin. In ya ƙare, ya ƙare. Sai in ce, “Na wannan watan ya tafi, in Allah Ya kai mu wata mai zuwa kana cikin lissafi.” Ranar da na fara faɗin haka ga wani ɗan baffana, wallahi barci bai zo mini da wuri ba, ji nake kamar na yanke zumunci. Ya yi fushinsa na kwana biyu. Yau shi ne wakilina: da kaka, lokacin da hatsi ya faɗi, yakan je Dawanau ya sayo wa gida buhunan da za su kai su damina, maimakon a riƙa awo kwano-kwano sanda ya yi tsada. Kuɗin makarantar yara kuma asusun makarantar nake turawa kai-tsaye. Wanda ya san akwai ranar da zai samu, ya fi kwanciyar hankali a kan wanda yau ka ba shi da yawa, gobe ka daina ɗaga wayarsa don kunya.

Me ya sa nake matsa wa ajiya? Saboda a ƙasar nan akwai kuɗaɗen da mun san ranar zuwansu, amma kullum sai su same mu kamar gobara. Ɗauki sabunta biza. Tun Fabrairun 2024 kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro ko ɗalibi. Masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke musu, su gode wa Allah. Amma magidanci da matarsa da yara uku, in za su sabunta ta shekara uku, fam 13,194 za su ajiye a dunƙule, ban da kuɗin bizar kanta. Raba shi wata 36, kusan fam 367 ke nan duk wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau nawa aka tashi a zauren nan aka ce a taimaka wa ɗan'uwa, sauransa mako biyu?

Ga wata 'yar dabara. Harajin kansil, wato wanda ƙaramar hukuma ke karɓa a kan gidan da kake zaune, yawanci sau goma ake biyansa a shekara, daga Afrilu zuwa Janairu. Fabrairu da Maris ba a cira. Kada ka ɗauka tsintuwa ka yi, tura kuɗin wata biyun nan cikin ajiya kamar an cire su. Sai fansho: na san wasu sun fice don albashi ya ƙaru. Doka ta wajabta wa mai aikinka ya zuba aƙalla kashi 3 cikin ɗari in kana ciki, ficewarka kyauta ka yi masa. Mai damuwa da riba, kuma ya kamata a damu, ya tambaya, Nest, asusun fanshon ma'aikata da gwamnati ta kafa, tana da sashen da ke bin shari'a. Ku kuma matasa 'yan 18 zuwa 39, akwai asusun ajiya mai suna Lifetime ISA, inda gwamnati ke ƙara muku kashi 25 cikin ɗari a kan abin da kuka zuba har fam 4,000 a shekara, don sayen gidan farko. In kun cire don wata hidimar daban akwai tara, sai ku karanta sharuɗɗan, ku kuma ga malam liman.

Ƙananan ramuka kuwa kowa ya san nasa. Ni da na zauna da takardar banki ta wata uku da jan biro, na tarar ina biyan wani gidan motsa jiki da rabona da shi tun kafin azumi. Shayin fam uku a tasha, kwana biyar a mako, a mako 48 ya tashi fam 720. Sai manhajojin nan na ɗauki yanzu ka biya daga baya. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin takalmi daban, bashin asibiti daban. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri in taɓo anko: biki huɗu a bazara ɗaya, kowanne da atamfarsa da ɗinkinsa. Mu maza ma ba mu tsira ba, motar da ake biya wata-wata don a gan ta a filin Idi ita ce ankonmu. Abin da na ga yana aiki shi ne watanda: gida huɗu su haɗu su sayi rago a wurin mahauci a raba, shinkafa da mai a yi sarinsu tare.

Adashe kuma ba na kushe shi, da shi da yawanmu muka biya kuɗin jirgin iyali. Amma a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wa ya zuba, yaushe, wa zai kwasa, me za a yi in wani ya rasa aiki. Zubin kuma ya bi ta banki, don ranar da za ka nemi sayen gida sai an tambaye ka asalin kuɗin, kuma “uwar adashe ce ta ba ni a leda” ba amsa ba ce a wurin Bature.

Mai girma shugaba, roƙona ɗaya. Maganar asusun jana'iza da muka yi ta ɗagewa, yau a yanke ta. Kabari a garin nan kuɗi ne, kai gawa gida ya fi shi, kuma kullum sai an yi rasuwa muke yawo da ƙoƙon bara a WhatsApp. Ma'aji yana da takarda a teburin baya, kowa ya rubuta sunansa da abin da zai iya duk wata, ko fam biyar ne. Samarin bakin ƙofa, ta gabanku teburin yake, da ku za a fara.

Na ga an buɗe kulolin masa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.