Jiya An Yi Mini Faɗa Saboda Na Yi Ihun Ƙwallo A Makon Makoki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga nan Jidda nake magana. Ku yi haƙuri da ƙarar esi ɗin nan, ba zan iya kashe shi ba, zafin watan Yuli a garin nan ga gumi na teku, minti biyar ka yi a waje rigarka ta jiƙe sharkaf. Yau ba yawo zan kai ku ba, magana ce ta tsaya mini a wuya tun jiya har barci ya gagare ni.

Jiya Juma'a da yamma mun taru wurin da muke shan shayi mu 'yan Najeriya, kofi riyal 2 ne, mai wurin yana da talabijin babba yana kunna mana ƙwallo. Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon matan Najeriya, ce da Zambiya a Kasabalanka, wasan kusa da na kusa da ƙarshe na kofin Afirka na mata. Tun farkon wasa yaran nan suka zura ɗaya, kafin a tashi 5 da nema, wallahi da aka ci ta uku ban san lokacin da na miƙe na yi ihu ba. Sai wani dattijo da muke girmamawa, ya fi shekara talatin a ƙasar nan, mutumin Katsina, ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, kwana nawa da sa Buhari a ƙasa? Ƙasarku tana makoki kuna tsalle? Da ana da kunya da ko wasan nan ba a buga ba." Na ce Baba a gafarce ni, na zauna. Ban mayar masa da magana ba don ba haka aka rene mu ba, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa, mutumin nan da gaske yake jin mutuwar. Amma raina ya sosu.

Allah Ya jiƙan Baba Buhari, Ya yafe masa kurakuransa. Ranar Lahadi 13 ga Yulin 2025 ya rasu a Landan, Talata 15 aka binne shi a gidansa a Daura, gwamnati ta ba da hutu ranar, ta ce kwana 7 na makoki a sassauto da tuta. Ni kaina ranar Talatar a waya na kalli jana'izar ina wurin aiki, data ta ƙare na sake sa ta riyal 30, na ga jama'ar Daura sai kewar gida ta kama ni kamar in yi fiffike. To amma ku tsaya ku ji. A daren Lahadin nan da labarin ya fito, Chelsea ta buga wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi da PSG a Amurka, ta ci 3 da nema, Palmer ya ci biyu, kuma wurin shayin nan a cike yake maƙil, da masu kuka da yamma da masu tafi da dare duk mutanen nan ne dai. Babu wanda ya ce a kashe talabijin. Sai da 'ya'yanmu mata suka sa rigar ƙasa suna ɗaga sunan Najeriya sannan aka tuna ana makoki.

Kuma abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Ranar Asabar 31 ga Mayu, wata ɗaya da rabi kenan, motar 'yan wasan Kano da suka dawo daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, hanyar Zariya zuwa Kano, sun kusa gida fa, saura ƙiris su shiga gari. Mutum sama da 20 suka rasu, matasa, masu horarwa, har da 'yan jarida. Waɗannan 'yan wasa ne, filin wasa shi ne gidansu. A daren ranar aka yi wasan ƙarshe na Zakarun Turai, PSG ta lallasa Inter 5 da nema, muka zauna muka kalla har da ni, sai da na koma ɗaki na buɗe Facebook na ga hotunan yaran nan sannan jikina ya yi sanyi, har yau in na tuna ina jin nauyin abin. Gwamnatin Kano ta ba da hutun kwana ɗaya. In akwai ranar da ya kamata duk wani fili a Najeriya a rufe shi, a ajiye ƙwallo, a yi wa mamata addu'a, to ranar jana'izar yaran nan ce. Shi ya sa in an ce a dakatar da wasa don makoki nake tambaya, makokin wa? Sai mai muƙami kaɗai? Ƙauyuka nawa aka shiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato aka kashe bayin Allah, washegari aka busa usur kamar ba a yi komai ba?

Ni fa zama a ƙasar nan ya canza mini tunani a kan mutuwar manya. Ina nan Sarki Abdallah ya rasu, 23 ga Janairun 2015, ranar Juma'a ce. A ranar aka yi masa sallah bayan la'asar a Riyad, aka kai shi maƙabartar Al-Ud, kabari ba suna ba gini, kamar na kowa. Tuta ba a sassauto da ita ba, don tutar Saudiyya kalmar shahada ce a jiki, ba a saukar da ita don mutuwar kowa. Wasu ƙasashen Larabawa ne ma suka ayyana kwanakin makoki saboda shi. Sarki guda fa, mai rijiyoyin mai. Kuma abin da malamai suka karantar da mu tun muna allo, zaman makoki kwana 3 ne, sai matar mamaci da take takaba wata 4 da kwana 10. To jiya kwana na shida ne.

Har shirun minti ɗaya da Turawa ke yi ma ba al'adar nan ba ce. A 2017 'yan ƙwallon Saudiyya sun je buga wa Ostareliya a Adelaide, aka ce a yi shiru don waɗanda aka kashe a harin Landan, su ba su jeru a tsakiyar fili ba, duniya ta yi ca a kansu har hukumar ƙwallonsu ta ba da haƙuri. Af, tunda na ambaci 'yan wasan nan, ku san akwai jininmu a ciki, duk wanda kuka ga an rubuta Hawsawi a bayan rigarsa Bahaushe ne asalinsa, Usama Hawsawi shi ne kyaftin ɗinsu a kofin duniya na 2018 a Rasha. In na faɗa wa abokan aikina Larabawa haka sai in ji kaina ya ƙara girma. Ga Ahmed Musa da ya ci lig da Al-Nassr a 2019 tun kafin Ronaldo ya san hanyar Riyad.

Su Turawan ma ba bakinsu ɗaya ba. Da Sarauniya Elizabeth ta mutu 8 ga Satumban 2022, gasar Firimiya ta ɗage wasannin ƙarshen makon gaba ɗaya, alhali gwamnati ba ta tilasta ba, amma 'yan kurket suka koma fili ranar Asabar suka rera taken ƙasa suka ci gaba. Da Fafaroma Francis ya mutu a Afrilun 2025 Italiya ta ɗage wasannin ranar, ta kuma kauce wa ranar binne shi. Wannan na Italiyan ya fi kwanta mini, ranar rasuwa da ranar jana'iza a tsaya, bayan nan a sa baƙin ƙyalle a hannu a buga.

Don in ka rufe fili mako guda ba mai kulob kake hora ba. Ni na taso a bakin filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, ranar da Kano Pillars ke wasa a gida, Sai Masu Gida, ka ga mai ruwan leda, mai gyaɗa, mai rake, mai tsire, 'yan adaidaita sahu, yaron da ke gadin babura, duk da wannan yammacin suke cefanen gida. Mai gidan kallo a unguwa ya biya kuɗin dish ya sayi man janareto. Waɗannan su ne za su kwana da yunwa, kuma wallahi da yawansu sun fi masu ba da umarnin son mamacin. Su kuma Falcons gasar ta CAF ce, hukumar ƙwallon Afirka, a ƙasar Maroko, ba a hannunsu take ba, in suka ƙi fita fili an cire su kenan. Ku tuna Togo a 2010, an buɗe wa motarsu wuta a Kabinda ta ƙasar Angola an kashe musu mutane, suka janye daga kofin Afirka, CAF ta ce ta dakatar da su gasa biyu, sai daga baya aka janye hukuncin.

Amma dan Allah ku matasa da kuke zuwa nan aiki ko umara, ku ji wannan daga gare ni. In kuna wuri ɗaya da dattawa irin wannan lokacin ku rage murya ko da kuna ganin kuna da gaskiya, don ba ka san abin da ke tsakanin mutum da mamaci ba. Kada kuma ku ɗauki gardamar siyasar gida ku kawo ta bakin titi a ƙasar nan, taro da hayaniya ba a wasa da su, iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, za ka jefa cikin matsala. Kuma kar ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane ba izini, shi ya sa ma ban nuna muku wurin shayin ba.

Anjima bayan isha zan je in sami Baba, zan saya masa shayinsa mai na'ana'a in sake ba shi haƙuri kan ihun, don ihun ne laifina, kallon ba laifi ba ne kuma zan gaya masa haka cikin ladabi. Yau da dare za a san wadda za mu haɗu da ita tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, wasan ranar Talata ne, lokacin kwana bakwan ma sun cika, in ya yarda tare za mu kalla.