Me Uwargida Ta Zuba a Miya a Zamanin Rumfa?

(Laccar da aka yi wa ɗaliban sakandare a birnin Kano kan ƙagaggen labarin tarihi, kamar yadda aka naɗe ta)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abubuwa uku na zo da su.

Na farko, abinci. Ku daina dariya, da gaske nake. Labaran da ɗalibai ke kawo mini, shekarun ba a cewa komai: Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, an haddace tsaf saboda jarrabawa. Sai ka buɗe shafi na biyu, ga uwargida a tsakar gida tana jajjaga tumatir da attarugu. A zamanin Rumfa! Ina ta samo su? Tumatir, barkono, masara, rogo, har gyaɗar nan da muka riƙa yin dala da ita, duk asalinsu nahiyar Amurka, kuma sai 1492 Kolumbus ya taka can. Rumfa bai ƙara shekara takwas a duniya ba. Sai dai in jirgin sama ya kawo mata, shi kuwa sai 1925 ya fara sauka Kano. (dariya)

To me za ta ɗora? Tuwon dawa ko na gero. Miyar kuka, kuɓewa, daddawa, yajinta masoro da kimba. Fura da nono da rana. Goro sai mai hali, don daga Gwanja fatake ke ɗauko shi, tafiyar watanni, ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Ba ƙuli-ƙuli. Na ce ba ƙuli-ƙuli, ga wani can ya ɓata rai. Kunun gyaɗa ma haƙuri za a yi, a dama na tsamiya. Mai karatu zai manta shekarar da ka rubuta kafin ya juya shafi, amma in ya ji daddawa ta bugi hancinsa, ya riga ya shiga gidan. Wanda kuma ya san tarihi, tumatir ɗaya ya isa ya ajiye maka takardarka. Tumatir ɗaya!

Na biyu kuɗi. Naira 1973 ta zo. Kafin ta fam da sule da kwabo, kafin su wuri. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya shigo Kano a 1851, wuri ake ƙirgawa a kasuwar Kurmi. Agogo ma ku cire shi, ku ce da hantsi, da azahar, da almuru. Na huɗu... na nawa muke? Ko ma na nawa ne, ku taka da ƙafarku. Ku je marinar Ƙofar Mata ku leƙa karofi, ku ga yadda baba ke kama hannun marini har gwiwar hannu, ku ji sautin bugu. Gidan Makama, inda ake adana kayan tarihi, ma yana nan. Intanet ba ta da wari.

Ga hannu can. Bismillah, 'yata.

Ɗaliba: Malam, ina rubuta ranar da Turawa suka ci Kano. Ya halatta in sa wa Sarki Alu magana a baki, yana ba da umarni a kan ganuwa?

Allah ya yi miki albarka. Sai dai a Fabrairun 1903 ɗin nan Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Kin ga ba ki da hanyar ɗora shi kan ganuwa. Ni da ke ce ma da na ƙyale sarakuna, abin da suka yi a rubuce yake, kuma jikokinsu na nan da rai. Ki ƙago 'yar tallan fura wadda ta ji ƙarar igwa da ƙwarya a kanta. Ita duk abin da kika sa ta faɗa, ba mai kai ki ƙara. Wa za ta fara nema, uwarta ko ƙanenta? Ina za ta gudu, tunda an rufe ƙofofi?

Malaminku yana ta nuna mini agogo. Na ukun a biyo ni bashi.